Adashin Raino

AUTA: Hello? Hello, Yaya? Salamu alaikum!

YAYA: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Autarmu? Ashe kina raye.

AUTA: Kai, Yaya! Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya baƙunta? Ya gajiyar tashi?

AUTA: Alhamdu lillahi, gajiya ta bi lafiya. Ya yara? Ya Babansu?

YAYA: Duk lafiya. Ya 'yar taki, takwarata? Ta saba da ruwan wurin?

AUTA: Tana nan ta yi ɓul-ɓul. Ya ƙafar Umma?

YAYA: Da sauƙi, jiya har bakin ƙofa ta taka. Ya maigidan naki, ya samu canjin wurin aikin?

AUTA: Ina fa! Sun ce sai ƙarshen zango, wai ba a sakin malami a tsakiyar karatu. Yana can, muna nan.

YAYA: Allah Ya kawo lokacin. Me kika ce? Kina yankewa.

AUTA: Tsaya in matsa jikin taga, nan kaɗai sabis yake tsayawa. Kina ji na yanzu?

YAYA: Rangaɗau. Ke, kukan me nake ji haka kamar asibitin haihuwa? Takwarata ce ta rabu biyu?

AUTA: Yaya, albishirinki!

YAYA: Goro fari ƙal. Faɗi.

AUTA: Na samu inda zan riƙa barin ta! Jibi zan fara aiki hankalina kwance!

YAYA: Ke don Allah! Alhamdu lillahi! Kai, kin sauke min dutse. Umma ko barcin kirki ba ta yi saboda zancen nan, cewa take da ƙafarta lafiya da tuni ta hau mota. Gidan raino kika samu?

AUTA: Wane gidan raino a dajin nan? Yaya, daga gonar rake sai kamfanin sukari sai gidajen ma'aikata. Guda ɗaya ne a garin da ke gaba, na je, matar ta ce ba ta karɓar yaron da bai iya zama ba. Na nemi 'yar aiki, duk 'yan matan suna makaranta ko suna gona. Wata tsohuwa aka nuna min, na je na tarar ita ma raino take buƙata.

YAYA: Allah Ya shirye ki. To me kika samu?

AUTA: Adashi.

YAYA: Adashi kuma? Ina miki zancen jaririya kina min zancen kuɗi?

AUTA: Adashin raino, Yaya! Ba kuɗi ake zubawa ba, yara ake zubawa. Kin ga matan da ke aiki a kamfanin, kowace da ranar hutunta daban. To ranar da kike hutu, sai duk sauran su kawo miki 'ya'yansu ki wuni da su. Ranar da kike aiki, ke ma ki kai taki gidan mai hutu.

YAYA: Ikon Allah! Wa ya yi wannan dabarar?

AUTA: Nas ɗin asibitin kamfani, ita ce uwar adashi. Akwai mai awon rake, akwai mai kula da sito, akwai kashiya. Gurbi ɗaya ya rage, kuma ya faɗo daidai da ranar hutuna!

YAYA: Faɗuwa ta zo daidai da zama ke nan. Kai, na ji daɗi! To yaushe za ki fara ɗaukar naki kwasan?

AUTA: Ai ina ciki. Yau ce ranar gwajina. Kashiya ce kawai ba ta kawo nata ba, sun yi tafiya. Huɗu ne a gabana yanzu haka, har da takwararki.

YAYA: Huɗu! Ke da ko kyanwa aka bar miki sai ta ɓata?

AUTA: Wallahi Yaya da kin gan ni da kin yi alfahari. Na ba kowa nononsa a kan lokaci, kowace kwalba na ɗaura mata zare kala daban. Na yi musu waƙa. Na goya ɗaya, na rungume ɗaya, ina girgiza ɗaya da ƙafa.

YAYA: Ma sha Allah. To me ya sa muryarki take rawa?

AUTA: Muryata? Sabis ne.

YAYA: Auta. Ni na goya ki. Me kika yi?

AUTA: Ba wani abu ba ne babba.

YAYA: Wani ya faɗo daga gado?

AUTA: A'a, Allah Ya kiyaye! Kowa lafiyarsa ƙalau. Wanka kawai na yi musu.

YAYA: Wa ya sa ki?

AUTA: Ba wanda ya sa ni. Zafi ake yi, na ga sun yi gumi, na ce bari in burge iyayen, su dawo su tarar da yara fes suna ƙamshin hoda. Na tuɓe su duka, na jiƙa kayansu a bokiti ɗaya, na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na sa musu fararen singiletin takwararki. Da na jera su a kan katifa na juyo...

YAYA: Ina ji.

AUTA: Yaya, biyu daga ciki maza ne. Ɗan nas da ɗan mai sito. Sati ɗaya aka haife su. Dukansu an yi musu ƙwal-kwabo, dukansu kumatu kamar an hura. Ban san wanne ne wanne ba.

YAYA: Ba ki san me ba?

AUTA: Ban san wanne ne na wa ba!

YAYA: Inna lillahi! Kin ɗaura wa kwalba zare, ba ki ɗaura wa mai shan kwalbar ba?

AUTA: Yaya, dariya kike yi?

YAYA: Ba dariya... wayyo cikina! Garin neman gira an rasa ido. Ke da aka ɗauka aikin ɗakin gwaji, mai rarrabe wannan ruwa da wancan!

AUTA: Ai can komai da lamba a jikinsa! Don Allah ki daina, abin ba na wasa ba ne. Kin san me ya sa gurbin nan ya samu? Wadda na gada kwalbar nono kawai ta musanya, sau ɗaya tak, uwar adashi ta sallame ta. Ni kuwa yaran na musanya gaba ɗaya. In ta ji, jibi ina zan kai takwararki? Aikin da na yi shekara biyu ina nema!

YAYA: To tsaya, tsaya. Mu yi tunani. Da safe wane kaya kowanne ya zo da shi?

AUTA: Ɗan nas shuɗiya, ɗan mai sito mai ratsi. Amma ai rigunan suna cikin bokiti, ba su za su gaya min jikin da suka fito ba.

YAYA: Kira sunansu mana, ki ga wanda zai waiga.

AUTA: Na yi. Dukansu sunan kakanninsu suka ci, dukansu Abba ake ce musu. Na ce Abba, har 'yar mai awo sai da ta waigo.

YAYA: Wayyo Allah! To kama fa? Ba ki san fuskokin iyayen ba?

AUTA: Sau biyu na gan su. Nas ɗin kuma kullum da takunkumi a fuska, idonta kawai na sani, shi ma a tsorace nake kallonsa. Kai, kai, sakar mata kunne! Saki! Yi haƙuri Yaya, ɗaya Abban ne ya damƙi ɗan kunnen 'yar mutane.

YAYA: Wancan ɗan nas ne, da ganin halin.

AUTA: Yaya!

YAYA: To, to. Ba wata alama a jikinsu? Tabo, tawadar Allah?

AUTA: Ɗaya yana da ɗan baƙi a cinya. Amma na wa ne mai baƙin? Ai ban duba ba kafin in tuɓe su.

YAYA: Hoto fa? Ba ku da guruf a waya?

AUTA: Akwai. Hotunan ranar suna ne, duk an naɗe su a tawul kamar dankali. Wanda ya fi sabunta kuma tun ɗazu yake juyawa ya ƙi buɗewa.

YAYA: Zanen goyonsu! Kowace uwa ta bar zanenta, ko? Yaro ya san ƙamshin uwarsa. Miƙa musu ki gani.

AUTA: Kai, Yaya, Allah Ya bar mana ke! Tsaya. Ga na nas nan, mai ruwan ganye. Abba, ungo. Ungo, ɗan albarka... Ya kama! Yaya, na dama ya kama!

YAYA: Yauwa! Shi ke nan!

AUTA: Tsaya. Na hagu ma ya kama ɗaya bakin. Suna ja. Dukansu sun cusa a baki.

YAYA: To ba su na mai sito.

AUTA: Shi ma sun cusa a baki. Yaya, waɗannan ko tsumman goge-goge na ba su ci za su yi.

YAYA: To gwada nonon. Kowa zai gane na uwarsa.

AUTA: A'a! In na ba wani na wata fa? In haɗa musu 'yan'uwantakar da ba su nema ba? Ai gara laifin wanka da wannan. Allah Ya taimake ni sun ƙoshi kafin in tuɓe su.

YAYA: Gaskiyarki, na yi suɓutar baki. To ke, me ma muke wahalar da kanmu? Ki bar su a shimfiɗe. In iyayen sun taso aiki ki ce bismillah, kowace ta ɗauki nata. Wace uwa ce za ta kasa gane ɗanta? Ke dai ki yi ta murmushi kina ninke zani.

AUTA: Ai da haka na shirya. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mijin mai sito direban babbar mota ne, yau ya dawo daga doguwar tafiya. Ta ce min bayan azahar zai zo ya ɗauki yaron ya kai wa mahaifiyarsa a garin gaba, a can za su kwana, ita ta bi su in ta tashi.

YAYA: Kwana?

AUTA: Kwana! Ki duba min, uwar adashi ta dawo ta tarar an tafi da ɗanta wani gari gaishe da kakar wasu.

YAYA: La haula! Kira mai siton mana, ita ai ba ita ce mai sallamar mutane ba.

AUTA: A bakin get ake karɓe musu waya, ba a shiga da ita. Nas kaɗai ke riƙe da tata. In kira ta in ce mata me? Ranki ya daɗe, ɗanki yana da baƙi a cinya?

YAYA: Ke, tsaya! Mu ma dai da shirme. Ba ubansa ne zai zo ba? Uba ai ya san ɗansa! Ki shimfiɗa tabarma a baranda, ki jera su, in ya yi sallama ki ce ga shi nan, ɗauki abinka. Wanda ya bari shi ne na nas.

AUTA: Yaya! Wallahi haka ne! Kai! Me ya sa ban yi wannan tunanin ba? Allah Ya biya ki da Aljanna, Allah Ya kai ki Makka ki kai ni!

YAYA: Amin, amma ke za ki biya kujerar. Maza sa hijabinki ki fitar da su.

AUTA: Ina zuwa, bari in sa ki a sifika in ajiye a kan taga, hannuna ba ya isa. Zo nan, Abba na ɗaya. Wash, nauyi kamar buhun siminti. Abba na biyu, taho. Takwara, yi haƙuri, yau ke ce 'yar kallo... Yaya, kin ji ƙarar nan?

YAYA: Na ji kamar jirgi.

AUTA: Motarsa ce! Ta cika layin gaba ɗaya. Ga shi ya sauko, dogo, da leda niƙi-niƙi a hannu. Kada ki kashe, kuma don girman Allah kada ki yi dariya, zai ji.

YAYA: Na kama bakina.

DIREBA: Salamu alaikum, masu gida.

AUTA: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa! Sannu da hanya, an sha tafiya.

DIREBA: Yauwa, sannu Hajiya. Ke ce sabuwar da aka ce? Ya ɗawainiya? Allah Ya saka da alheri.

AUTA: Amin, ba komai, ai yi wa kai ne. Ga su nan, an yi wanka an sha hoda. Bismillah, ɗauki abinka.

DIREBA: To. Ma sha Allah. Ma sha Allah, an girma.

AUTA: Sosai ma.

DIREBA: Dukansu sun girma.

AUTA: Ƙwarai kuwa.

DIREBA: Hajiya.

AUTA: Na'am?

DIREBA: Don Allah wata tambaya zan yi, amma ta tsaya tsakaninmu, kada uwarsa ta ji. Wanne ne nawa?

YAYA: Wayyo ni Allah!

DIREBA: Wa ke magana?

AUTA: Yayata ce a waya, yi haƙuri. Malam, kai ma ba ka... ba ka gane shi ba?

DIREBA: Rabona da shi tun yana jajir, washegarin suna aka ɗora min kaya. Daga wannan iyaka sai waccan. Hoton da take turowa wayata ba ta buɗewa, ƙaramar waya ce. Ke dai nuna min kawai.

AUTA: Malam, tunda ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Wanka na yi musu na cire kayan, ni ma sun rikice min. Kai nake jira ka raba gardama.

DIREBA: Ikon Allah. Makaho ya zo wurin makaho neman hanya.

YAYA: Malam, sannu da zuwa, ni ce yayarta. Ka rufa mana asiri, in uwar adashi ta ji, yarinyar nan ba ta da inda za ta kai 'yarta jibi, aikinta ya tafi.

DIREBA: Hajiya babba, ai asirin namu ɗaya ne. In matata ta ji na tsaya a kan ɗana ina tambaya, a mota zan ƙare kwanana. Bari in gwada wani abu. Kullum in na tsaya da yamma nakan kira, ta kara masa wayar a kunne, in yi masa hon da baki. Yana ji yake ƙyalƙyalewa. Bari mu gani. Abba! Pam-pam-paraam!

AUTA: Wayyo, sun tsorata! Yi shiru, yi shiru, ɗan kirki. Yaya, duka huɗun sun fashe da kuka.

YAYA: Ina ji ai, har nan kunnena.

DIREBA: Gemuna ne ya tsorata su. Bai san fuskar ba. Ni a waya ya san ni. Tsaya, waya biyu gare ni, ta aiki da tawa. Ungo wannan, ajiye ta a tsakaninsu. Zan koma bayan mota inda ba za su gan ni ba, in kira. Ki danna koren, ki sa a sifika.

AUTA: To, to. Yaya, kin ji? Ya tafi. Shhh, ya isa, ya isa, dodon ya tafi. Yauwa, 'yan albarka.

YAYA: Sun yi shiru?

AUTA: Suna ajiyar zuciya. Ga ta nan tana ringin. Bismillahi. Na ɗaga, Malam, yi magana!

DIREBA: Abba na! Abban Baba! Ina yaron kirki? Pam-pam-paraam!

YAYA: Me ya faru? Auta, gaya min, me ya faru?

AUTA: Yaya! Yaya, na hagun! Mai baƙi a cinya! Yana dariya har da shure-shure, ya mirgina ya damƙi wayar! Ɗayan ko a jikinsa, babban yatsan ƙafarsa yake tsotsa!

YAYA: Allahu akbar! Ayyururui!

AUTA: Malam, taho, taho, an samu! Kai, yanzu ma na ga kunnuwan, iri ɗaya sak da nasa! Ya aka yi ban gani ba?

YAYA: Ke, bar zancen kunne! Ɗauko zare yanzu-yanzu ki ɗaura wa ɗan nas a ƙafa, kafin su sake cakuɗewa.

AUTA: Na cire na jikin kwalbarsa, ga shi ina ɗaurawa. Alhamdu lillahi! Yaya, na tsira! Jibi da sassafe zan kai takwararki gidan mai awo in wuce aiki kamar kowa!

YAYA: Saura ki sake yi wa 'ya'yan mutane wankan da ba a sa ki ba.

AUTA: Ni? Ko fuska ba zan ƙara goge wa kowa ba. Sannu Malam, ga shi, wannan ne naka. Tallafe kansa. Yauwa.

DIREBA: Abba na. Zo wurin Baba. A'a, a'a, ni ne fa. Ni ne mai hon ɗin.

YAYA: Kukan wa nake ji kuma?

AUTA: Tsaya in cire ki daga sifika. Yaya, kina ji? Yaron ne. Yana ɗaukarsa ya ƙwalla ƙara, yana ture masa fuska, yana miƙa hannu wajen wayar.

YAYA: Allah sarki.

AUTA: Ya zauna a bakin baranda da shi. Ya kara masa wayar a kunne, ya juyar da kansa gefe yana magana a ɗayar, don kada yaron ya ga fuskarsa. Yaron kuwa ya daina kukan. Yaya, mutumin hawaye yake yi, yana cewa ba komai, zai saba.

YAYA: Zai saba mana. Kwana biyu ne.

AUTA: Yaya.

YAYA: Na'am.

AUTA: Ni ai kullum da yamma zan riƙa dawowa, ko? Ba za ta... takwararki ba za ta manta fuskata ba, ko?

YAYA: Ke, ji min yarinya da wata magana! Daga safe zuwa yamma ne fa. Saurara in gaya miki, lokacin da Umma take barin ki a wurina ta tafi... Hello? Auta? Hello? Kai, sabis ɗin nan!